Na Shafa Fenti a Kan Gara, Yanzu 'Yata ke Kwana a Ƙarƙashi

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'i mai kula da gidajen malaman makaranta na wannan yanki namu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu aiki a ƙarƙashinka. Sunana Garba mai fenti, mazaunin Zuba. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina wannan sana'a ta kankare tsohon fenti, da goge katako, da shafa wa ƙofofin maɗaci mai har su yi ƙyalli, da gyaran tagogin da rana da ruwa suka ci. Wani Banufe ne ya koya mini a garin Abuja tun ina saurayi. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, a yi haƙuri da rubutun. Sau huɗu ina zuwa ofishinka ban samu ganinka ba, shi ya sa na aika wannan takarda gidan jarida, ko Allah zai sa ta faɗa hannunka.

Magana ce ta rayukan mutane, kuma ni ne mai laifi na farko a cikinta.

Na ɗaya. Bayan girbin dawar bara, wani ɗan kwangila ya ɗauke ni aikin gidajen malamai guda uku a wata makarantar ƙauye, gaba kaɗan da Tungan Maje. Ba zan sa sunan ɗan kwangilar a jarida ba, takardun aikin suna wurinku. Tsofaffin gidaje ne masu rufin kwano da baranda. Aka ce in sabunta ƙofofi da tagogi, da ginshiƙan baranda, da katakan da ke riƙe da rufin daga ciki. Ranar farko na hau tsani a gida na tsakiya, na sa wuƙar kankara a jikin babban katakon da ya ratsa ɗakin kwana, sai wuƙar ta shige har ƙota. Jar ƙasa ta zubo mini a fuska. Gara ta cinye cikinsa sarai, abin da ta bari bai fi kaurin ɓawon rogo ba. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen katako yakan amsa da nauyi, waɗannan kuwa kamar ana buga busasshiyar ƙwarya. Haka na tarar a duka gidajen uku.

Na biyu. Da ɗan kwangilar ya zo na kai shi ya gani da idonsa. Ya ce mini, "Malam Garba, fenti aka kira ka ka shafa, ba duba marar lafiya ba. Mako mai zuwa masu duba aiki za su zo." Ya ƙara da cewa idan ba zan iya ba, akwai mai jira a Gwagwalada.

Ranka ya daɗe, na bi maganarsa. Na kwaɓa garin katako da gam na toshe ramukan, na bari ya bushe, na goge har ya yi santsi, na shafa koren fenti sau biyu. Tunda nake ban taɓa yin aikin da ya yi kyau a ido kamar wannan ba. Masu duba aiki suka zo, ɗaya ya shafa ƙofa da tafin hannunsa ya tambaya hannun wa ne wannan, aka nuna ni, ya yaba. Na koma gida na ci tuwona, ban ƙara tunanin gidajen ba.

Na uku. 'Yata ta fari, wadda ko sunanta ba na iya kamawa, tana auren wani ƙaramin malami mai suna Yusufu. Tana gidana wankan jego aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wannan makaranta, aka ba shi gida na tsakiya. Da murnarsa ya zo gaishe ni, yana cewa an gaya masa ni na yi fentin, don haka hankalinsa a kwance yake.

Da ta yi arba'in na ƙi sakinta. Yau in ce jaririn yana tari, gobe in ce uwarta ba ta gama haɗa mata kaya ba. Na ja mako uku a haka, har iyayen mijin suka aiko suna tambaya ko an yi mana wani laifi ne. Dole na sa ta a mota.

Bayan kwana biyu na bi ta. Na kira Yusufu gefe na gaya masa gaskiya duka, sannan na yi abin da ba a taɓa yi ba a zuriyarmu: na shiga ɗakin kwanan surukina. Gadonsu yana daidai ƙarƙashin katakon nan. Na danna ƙusa a jikin katakon da yatsa ɗaya ta nutse. Har yau yaron nan bai fasa durƙusawa ya gaishe ni ba, wannan ya fi zagi ciwo.

Ya je wurin hedimasta. Hedimasta mutumin kirki ne, amma ya ce takarda ta nuna an gyara gidajen, an duba, an sa hannu, shi ba zai iya rubuta abin da ya saɓa wa hannun manyansa ba. Ya ce kuma malamin da ya bar gidan da aka ba shi, kamar ya ƙi wurin aikin ne. Yusufu shi ke riƙe da tsohuwarsa da ƙannensa, ina zai sa kansa? Na saro gwafa biyu na kirya na tokare rufin. Da aka ji baƙi za su zo makarantar aka ce a cire ta falo, kada a ga abin kunya. Ta ɗakin kwana tana nan a bayan labule, amma ba ta riƙe komai ba, don kullum ƙara nutsewa take cikin ruɓaɓɓen katakon.

Na huɗu. Wannan ita ce ta fi yi mini nauyin rubutawa. A gida na farko akwai Malam Bitrus, Bagwari, da matarsa da 'ya'ya biyar. Matar a baranda take girki, jikin ginshiƙin da na cika da garin katako, ƙananan yaran kuma a nan suke rarrafe. A gida na uku malamai biyu ne marasa aure. Watanni na san abin da ke saman kawunansu ina barcina lafiya, sai da abin ya zo kan jinina sannan bakina ya buɗe. Na je na faɗa wa Malam Bitrus. Ya dube ni ya ce, "To Baba, da ba a kawo 'yarka ba fa?"

Na biyar. Damina ta kawo kai. Makon jiya aka yi ruwan farko da iska. Washegari 'yata ta share jar ƙasa cike da faranti a tsakar ɗakinta, ƙofar ɗakin kuma ta daina rufuwa sai an ɗaga ta. Duk wanda ya san katako ya san ma'anar wannan, nauyin rufin ne ya fara sauka a kanta. Fulanin da ke kawo musu nono sun daina zama a barandar, a gindin mangwaro suke sauke ƙwarya. Kai ma ka san iskar farkon damina a ƙasar nan, lafiyayyen gida ma takan yaye masa kwano.

Zuwana na farko ofishinka, masinja ya ce oga ya tafi rangadi. Na biyu aka ce sai koke ya fito daga hannun hedimasta. Na uku wani akawu ya saurare ni har ƙarshe, ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi aiki ya zo ƙarar kansa ba. Na huɗu na bar guntun katakon a naɗe cikin takarda, kore a waje, ƙasa a ciki. Ban sani ba ko ya iso teburinka.

Ga roƙona, don girman Allah.

A turo mutum ɗaya, ko ba babba ba ne, ya shiga cikin ɗakunan, kada ya tsaya a tsakar gida yana kallon fenti.

Kafin nan a ba iyalan nan izini a rubuce su koma cikin aji ko wani wuri a ƙauyen, ba tare da an ce sun ƙi aiki ba. Dagacin ƙauyen ya ce zai ba da ɗakuna idan an yarda.

A ba ni katako mai kyau da baƙin mai na kashe gara, ni da wani kafinta abokina mu sauke kwanon mu canza komai. Ba na neman ladan aiki. Idan katakon ba zai samu ba, a ba ni izini kawai, in sayar da kekena da akuyoyin gidana in saya.

Kada kuma a taɓa aikin Yusufu ko na Malam Bitrus saboda wannan takarda. Ba su san na rubuta ba.

Na san bayan wannan babu ɗan kwangilar da zai ƙara kira na, wataƙila ma a kai ni gaban alƙali. Na yarda. Idan ɗauri ne a ɗaure ni, amma a bari sai na sauke rufin nan tukuna. Jikana watansa uku da haihuwa, ko zama bai fara ba balle gudu.

Allah ya ja zamaninka, ya kare ka da iyalinka, ya sa wannan takarda ta riga ruwa na gaba isowa. Ni kuma Allah ya yafe mini.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Garba mai fenti, Zuba.