Wanda Ke Zaune a Haguna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Na fara zuwa asibiti gashin wuyan kamar yadda ka matsa. Tun haɗarin da ya ɗauke Baban yara, wuyana ya ƙi juyawa hagu, wajen da yake zaune yana tuƙi.

Mu uku muke haɗuwa a benci. Akwai tela da sunkuyo kan keke ya riƙe wa wuya, likita ta ce nasa mai sauƙi ne. Akwai wani dattijo da ƙashinsa ya cinye, shi sai dai a rage masa zafi. Nawa na fizga ne, ta ce yana jan lokaci amma yana saki. Tana ɗora min tawul mai ɗumi, ta tallafi haɓata, ta juya a hankali.

Ka gaida Anti.
Autarku

Auta,

Na ga saƙonki, na ji daɗi. Ki daure. Ke da tun kina ƙarama ba a gulma a bayanki ba ki waiga ba, wuya ba zai gagare ki ba. Yara na jiran ki koma aiki. Allah Ya ƙara sauƙi.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. An sallami tela, dattijo kuma ya ce yana iya barci yanzu. Ni ma wuyan ya fara saki, amma na daina zuwa.

Ranar da likita ta ƙara juya ni, na ga hannun riga a gefen idona, shuɗiyar da Baban yara ya saka ranar haɗarin. Na ce, "Wa ke zaune nan?" Ta ce, "Kujera ce kawai, Hajiya." A gida ma haka, da rana tsaka, ina wanke-wanke. Kullum wuyan ya ƙara saki, sai in ƙara ganinsa. Jiya na kai ga ganin kafaɗarsa. Yaya, ban ga fuskarsa ba bayan haɗarin, kai ka hana ni. Ina tsoron in warke.

Autarku

Auta,

Ban yi dariya ba, kuma ban ce ƙarya kike ba. Na hana ki ne don tausayi, ban sani ba ko daidai na yi. Ki faɗa wa likitar duka, ki koma. Zan zo in raka ki idan kina so.

Yayanki

Yaya,

Na koma ni kaɗai. Yau likita ta juya ni har ƙarshe.

Fuskarsa lafiya lau. Ba ni yake kallo ba. Gaba yake kallo, hannuwansa a miƙe kamar yana riƙe da sitiyari, idonsa duk gajiya. Na ce masa, "Baban yara, mun iso." Ya sauke hannuwansa.

Likita ta tambaya ko da zafi. Na ce babu.

Sai ka zo.
Autarku