Ganyen Ayaba a Gidan Maƙwabci

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan Malaz, wato Malesiya, sai godiya.

Ƙanenki mai tarin littattafai ya yi abin kunya. Maƙwabcinmu, wani likitan haƙori ɗan Tamil daga kudancin Indiya, ya gayyace mu walima saboda an sallamo mahaifinsa daga asibiti. Tun a bakin ƙofa na gaishe su da Indiyancin finafinan yarintarmu, ashe su yarensu daban ne. Wannan mai sauƙi ne.

A kan ganyen ayaba aka zuba mana shinkafa da miya iri-iri. Da na ƙoshi, sai na ninke ganyen daga gabana zuwa waje. Kowa ya juyo yana kallona. Ashe a al'adarsu mai godiya yakan ninko shi ne zuwa jikinsa, ninkewa waje sai a gidan makoki. Kin ji, na yi wa mutum zaman makokinsa yana zaune yana kallona.

Tsohon ya miƙo hannu ya buɗe ganyen, ɗansa ya fassara mini: "A ƙara masa shinkafa. Ban mutu ba tukuna, ya sake gwadawa." Haka na cinye, cikina kamar zai fashe, na ninko daidai.

Har yau ta matakala nake sauka don kada mu haɗu a lif. Ki sa tsohon a addu'a, don ko tari ya yi yanzu ni za a kalla. Ki gaida Inna, amma kada Malam ya ji.

Ƙanenki,
Sani