Layin Gawayi a Motar Baba

Kafanchan,
Lahadi ta biyu a watan Mayu.

Zuwa ga yayana Azariya,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu, wanda ya riƙe mu har muka ga farkon wannan damina. Ina fata wasiƙar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti Scholastica da yara, Ubangiji ya tsare ka a wurin aikinka na kan ruwa, ya riƙa mayar da kai gida da ƙafafunka. Mu ma nan muna cikin alherinsa. Maigidana Jonathan yana gaishe ka, ya gama shuka citta a gonar bayan gari, yanzu kullum idonsa na sama kamar shi ya ba hadari aiki. Ni kuwa ina nan ina fama da 'yan aji huɗu, waɗanda suka rantse sai sun ga furfurata kafin hutu. Na san za ka yi dariya ka ce Tamar ta koma zamanin gidan waya, alhali ko jiya mun yi magana. To, akwai maganar da in na ɗauko ta a waya sai muryata ta ƙi fita, shi ya sa na rubuta, na ba Hellen ta gidan fasto da za ta sauka Fatakwal jibi.

Maganar motar Baba ce. Ka ce Yafet dillalin citta yana sonta, da sharaɗin a cire duk katakon da ke ciki don buhuna su sami wuri, ka kuma ce barinta a tsakar gida tana tsatsa ba girmama Baba ba ne. Ban ga laifinka ba, ni kaina na amsa maka da to. Amma kai rabonka da leƙa cikin jif ɗin nan tun kafin a haifi 'yarka Doreen, don haka bari in tuna maka abin da kake cewa a cire. Ka san Baba bai taɓa yarda ya ba wani aikin da hannunsa zai iya ba. Da ya sayo ta a gwanjo, kujerun baya ya fara kwancewa, har yau suna barandar Mama kaji na kwana a kai. Ya ɗauko tsohuwar ƙofar kicin ya kafa ta a tsaye bayan kujerar direba, ya ɗaure da noti, wai kada kaya su zo su doki ƙeyarsa a gangara. Ya shimfiɗa tampol a ƙasa. Ya yanka tub ɗin tayar babbar mota siri-siri ya yi igiyoyin ɗaure kaya, ya yanke bakin galan biyu ya kafe su a gefe, ɗaya na sufana ɗaya na tocila da man zafi. Gidan sauronmu na yara ya ɗinke a tagogi. Hannun jakar makarantata, wadda na yi kwana biyu ina kuka a kanta, shi ne abin da fasinja ke kamawa in an shiga rami. Marikin bokiti ya lanƙwasa ya yi ƙugiya a rufi, don rataye ledar ƙarin ruwa. Mutane suna dariya suna cewa Dattijo Levi ya kwashe gidansa kaf ya zuba a mota, shi kuwa ya ce su bari damina ta zo.

Damina ta zo kuwa, aka daina dariya. Hanyar ƙauyenmu ta bayan Zonkwa, in ruwa ya zauna, ka san ko acaɓa sai an ɗauke ta a ka a tsallake rafi. Motar Baba ce kaɗai ke shiga ta fita. Ita ta kwaso mata masu naƙuda da wanda maciji ya sara, ita kuma ke mayar da gawar waɗanda asibiti ya kasa ceto, domin mu ba ma barin namu a maƙabartar gari, kowa gida ake kai shi ya kwanta kusa da iyayensa. Saboda wannan ne Baba ya yi gadon nan na katako a baya, kuma a nan ne hannuna ya shiga, abin da ban taɓa gaya maka ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, ina hutun gama kwaleji. Ya samo dogayen katakai uku na tsohon bencin majami'a, ya nemi tef ɗin awo ya rasa, ka san shi da ajiye abu inda ba zai ɓata ba har ya ɓata. Sai ya ce ai duk ƙauyen ba wanda ya kai shi tsawo, in shi ya shiga kowa zai shiga. Ya miƙe a kan katakon ya haɗa hannu a ƙirji, ya ce in ɗauko gawayi in ja layi a diddigensa. Mama tana daka, ta yar da taɓarya ta ce ya tashi maza, ba a auna mai rai a kwance. Ya yi dariya daga kwancen, ya ce shi dattijon ikilisiya ne, camfi ba ya kama shi, kuma ranar da Ubangiji ya rubuta gawayi ba ya matso da ita. Ni ma dariyar na yi, na durƙusa na ja layin. Ya bar yatsu uku bayan layin ya sa zarto, da aka tura gadon ciki ƙofar baya ta rufu daidai, har yana yi wa Mama kirarin kansa. Ranar ba ta ci tuwo tare da mu ba.

Yanzu sai ranar da muka kai shi gida, bara cikin Agusta. Kai ka biyo ta Kaduna ka iso a makare, ka tarar da akwatin a gaban majami'a an lulluɓe shi da farin zane, ba wanda ya gaya maka yadda ya iso. Yaya, akwatin bai shiga ba. Baba ya auna kansa, ya manta akwati ya fi mai shi tsawo. Duk gawarwakin da ya ɗauka shekara da shekaru sun shiga don duk ya fi su tsawo, nasa kaɗai ya yi saura da taƙi guda a waje. Jonathan ya gwada kwance ƙofar kicin ɗin nan ta bayan direba, notin sun yi tsatsa sun ƙi motsi. Wani ya ce a karkata akwatin a ɗora kan a sama, Mama ta ce mijinta ba buhun citta ba ne. Ga hadari ya haɗu, kowa ya san in rafi ya cika sai a kwana biyu ba a tsallake ba. Sai muka jawo ƙofar baya ta jingina da akwatin, muka ɗaure ta da robar tub ɗin da shi ya yanka da hannunsa. Na zauna a ƙasa a baya na rungume wajen ƙafafun don kada ya zame. Tun kafin Zonkwa ruwa ya sauko. Ya jiƙa ni, ya jiƙa ƙarshen akwatin, ina sharewa da ɗankwalina yana sake jiƙewa. Kowane rami muka faɗa, sai ƙofar ta buɗe kaɗan ta dawo ta doki katakon, ƙwan, ƙwan, kamar wani na ƙwanƙwasawa a buɗe masa. Mama tana gaba ba ta waiwayo ko sau ɗaya ba, waƙar majami'a take yi ƙasa-ƙasa har muka isa.

Tun ranar sakatar ƙofar ta lanƙwashe, ba ta kamawa. Motar tana ƙarƙashin mangwaro inda Jonathan ya ajiye ta, in iskar hadari ta taso da la'asar sai ka ji ta fara, ƙwan, ƙwan. Na san iska ce, ni malamar makaranta ce, amma sai in ga hannuna ya saki abin da nake riƙe da shi. Ko a aji yaro ya buga murfin tebur sai gabana ya faɗi. Na sha gaya wa kaina gawayi ba ya kashe mutum, hawan jini ne ya ɗauki Baba, fasto ma ya zaunar da ni ya gaya mini haka. Duk da haka ni na ja layin, kuma ina jin nauyinsa har yau. Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce, da ka kawo maganar sayarwa daɗi na ji. Na ce a tafi da ita can, in huta da jin ƙarar.

Jiya Asabar da hantsi na ɗauki sufana da guduma na shiga. Cikin har yanzu warin citta da man zafi yake yi, hularsa tana rataye a ƙugiyar ƙarin ruwa, ba wanda ya iya taɓa ta. Na kwance noti biyu, na ɗage guntuwar katifar da ke kan gadon don in ga sauran. Layina yana nan a ƙarshen katakon, ya dusashe amma ana ganinsa. Sai na ga wasu biyu a samansa, baƙi ƙirin, sababbi. Na farko ba layi ba ne sosai, shafa ce kamar an goga abu. Na biyu yana ƙasa da shi da taƙi guda, an ja shi a tsanake daga gefe zuwa gefe. Na taɓa, gawayin ya kama yatsana.

Ina nan durƙushe na ji ƙarar sandar Mama. Ta zo ta dafa ƙofar, ta dube ni ta dubi sufanar, ba ta yi faɗa ba. Ta ce ita ce ta ja su. Wai ranar Talata da na tafi makaranta ta ja jiki ta hau, ta shafa gawayi a diddigenta don ba ta son ta ɗora wa kowa jan layi, ta kwanta ta kai kanta jikin ƙofar kicin ta goga ƙafa. Sannan ta tashi ta auna da hannunta ta ƙara. Na ce mata ashe ba ita ta ce ba a auna mai rai a kwance ba. Ta ce ai wanda ya riga ya ji ana kiransa ba ya tsoron gawayi. Sannan ta faɗi abin da na rubuta wasiƙar nan dominsa, zan sa maka shi yadda ta faɗa:

“Ni na ƙara na akwati, ban yi mantuwan babanku ba. Zan shiga, har wuri zai rage. Motan nan shi ne zai kai ni gida, ku bar shi tukuna.”

Yanzu dole in karya alkawarin da na yi mata. Ƙafafun Mama sun kumbura tun Ista, ba ta iya kwanciya sai an jera mata matashi uku, daga ɗaki zuwa murhu sai ta tsaya ta huta. Likita ya ce zuciyar ta gaji, magani zai lallaɓa ta ne kawai. Muryar nan mai ƙarfi da kake ji a waya, tana gama magana da kai take jingina da bango tana haki. Ta hana ni gaya maka wai kada hankalinka ya rabu kana kan ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ta san abin da take ji a jikinta, ta kuma san damina ce ke shigowa. In abin ya zo cikin Yuli ko Agusta, babu motar haya ko ta asibiti da za ta tsallake rafin nan. In babu motar Baba, a nan gari za a sa ta, nesa da shi. Wannan shi ne tsoronta, ba mutuwar ba.

Na mayar da notin biyu na ɗaure, na shimfiɗa katifar yadda take. Da yamma Yafet ya zo da direbansa, na ba shi ruwa na ba shi haƙuri, na ce ya jira maganarka. Mutumin kirki ne, da na nuna masa katakon sai ya cire hula, ya ce mahaifiyarsa ma a kansa aka kai ta gida. Kai ne babba, ban yanke hukunci a bayanka ba, amma kada ka ce ƙanwarka ba ta gaya maka ba: makullin yana ɗaure a bakin zanen Mama, wanda ya isa ya je ya kwance. Jonathan ya ce zai canza mai ya duba birki, ya riƙa tayar da ita duk Asabar. Abin da nake roƙo a wurinka shi ne ka nemi hutu ka zo tun tana gane mu tana tsokanarmu. Zumunta a ƙafa take, Yaya. Wancan karon ni kaɗai na zauna a baya, ba na jin zan iya sake yi ni kaɗai.

Ka gaishe mini da Anti Scholastica, ka ce na gode da zanen da ta aiko, Mama ta ɗaura shi ranar zumuntar mata. Ka gaida Patrick da Doreen, ka ce kakarsu tana ajiye musu zuma da acca. Goggo Zipora da Baba Kumai na ƙauye suna tambayarka duk zuwan da na yi. Na karanta wa Mama wasiƙar nan ban da wurin ciwonta, ta ce in gaishe ka, in kuma ƙara maka saƙo ɗaya. Wai in za ka zo ka nemo sabuwar sakata ta ƙofar baya a wurin masu kayan mota na can, mai kyau wadda ke kamawa, domin ba ta son ruwa ya taɓa mata ƙafa a hanya.

Ubangiji ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa,
Tamar Jonathan