Ƙararrawar Mijinyawa Ta Lalata Mini Jaki

Daga Kulu mai albasa,
Dandin Mahe, ƙasar Shagari.
14 ga Maris, 1953.

Zuwa ga Mai Girma Di'o, Sakkwato,
ta hannun Mai Girma Hakimi.

Ranka shi daɗe,

GAME DA: MIJINYAWA TELAN BODINGA, DA KEKENAI, DA JAKINA

Mijinyawa ya lalata mini jaki. Malam Sodangi da ke rubuta mini takardar ga ya ce da gaisuwa aka farawa, na ce shi rubuta yadda na faɗi. Yanzu ga gaisuwar: ina gaida Zaki da ladabi da biyayya, Allah shi ƙara girma. Ga kukana.

1. Ranar 1 ga watan nan, da hantsi, ina kora jakina da albasa zuwa kasuwar Bodinga, ina gefen hanya ta hagu kamar yadda anka yi shela. Ni da ko goro ban taɓa miƙa wa mutum da hagu ba, na bi hagu don ku kunka ce.

2. Wanga Mijinyawa, tun da ya sayi keke, ya zama mai kawo labari. In ya je Sakkwato sai shi tsaya gindin akwatin nan mai magana, shi kwaso abin da ya ji, shi zo shi zube muna bisa hanya. Wai akwai ƙasar da aka ganin mai maganar cikin akwatin. Ban yi gardama ba, can ga su. Abin da na ƙi, ba ya sauka in zai ba da labari. Ran nan yana tafe yana gwada wa masu itace yadda jirgin sama ke buɗe fiffike. Ya saki kan keke, hannu biyu a sama, wuya a baya.

3. Sai ga babbar mota daga bayanai ta yi ham. Ita ba ta kauce wa kowa, Zaki ya sani. Mota ta koro keke, keke ya koro jaki, jaki ya koro ni. Mai doki in ya taras da tsohuwa sallama yake yi. Mijinyawa ƙararrawa ya kaɗa, cikin kunnen jakina sosai. Jaki ya faɗa rami ya kwanta. Albasa ta watse, mota ta bi ta kai, hanya ta kwana tana sa mutane hawaye.

4. Albasa na yafe. Jakin ne abin magana. Tun ran nan, in ƙarfe ya taɓa ƙarfe, sai shi nemi rami shi kwanta da kaya. Ludayi ya bugi tasa, ya kwanta. Ƙofar maƙera ba ya wucewa sai an toshe mai kunne da auduga. Mundayen da uwata ta bar mini, da ban taɓa tuɓewa ba ko ranar haihuwa, na tuɓe su, don in na ɗaga hannu in kora shi sai in gan shi ƙasa. Da jakin ga nake ci da jikokina marayu, Zaki. Kasuwa biyu ta wuce ni.

5. Na iske Mijinyawa shagonai. Ya ce in yi haƙuri, zamani ne, wai nan gaba jakkai za su ƙare, kowa da motatai. Har ya ɗaga hannu zai sake gwada mini jirgin. Na fito don kar in yi abin da za a kawo ni gabanka ɗaure.

Don haka ina roƙo cikin ladabi: a cire ƙararrawar, in yana da baki shi yi sallama. A sa shi kai albasata kasuwa bisa kekenai har jakina shi warke. Kuma Zaki shi faɗa muna a fili: tsakiya ta mota, gefe na keke, to ina wurin jaki? In ramin ne, a gaya mini, ya riga ya saba.

Allah shi ja zamaninka. Amma a kira Mijinyawa, shi da kekenai, shi tsaya gaban jakina da gabanka, hannu biyu a ƙasa, shi amsa abin da ya yi.

Ni ce baiwarka mai biyayya,
Kulu mai albasa.
Ga dangwalen yatsana na dama.