Sunan da na ci Bak da shi na ɗan kawuna ne

Assalamu alaikum Admin, gaisuwa gare ka da duk 'yan wannan shafi. Don Allah a ɓoye ni, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, ni ma na zagi kaina na gaji.

Satin da ya wuce na ci Bak, jarabawar gama sakandare, zagayen farko, ba wani jan rai! Na cika waya da hotuna, abokaina 'yan fadarmu suka ɗaga ni sama, na yi ihu har murya ta dishe. Har yanzu saƙon barka shigowa yake, ina mayar da "merci gayu" da dariya, amma wallahi kwana biyar ke nan abinci ba ya wuce mini.

Ni a ƙetaren kogin Komadugu aka haife ni, ɓangaren Najeriya. Uwata 'yar wajen Geskeru ce, nan ɓangarenmu, aure ya kai ta can. Mutanenmu wa ya damu da takarda a da? Gida a nan, gonar tattasai a can, ka tsallaka da safe ka dawo da yamma. Da rikici ya zo babana ya rasu, muka gudo Diffa wurin Kawu, yayan uwata. A lokacin ne ɗansa, bari in kira shi Modu, ya ɓata, yana wurin dangin uwarsa a bakin tafkin Chadi. Aka nema aka gaji, har sadaka an yi. Da za a sa ni lekol, makarantar boko, aka ce sai takardar haihuwa, ni ba ni da ita, uwata ma ba ta da ita. Kawu ya buɗe akwati ya miƙo mini ta Modu ya ce, "Riƙe, je ka yi karatu." Tun ranar a lekol ni ne Modu. Jarabawar Birebe, katin ɗan ƙasa da hotona a kai, yanzu Bak, duka da sunansa.

Wata biyu da suka wuce sai ga Modu, da ransa, ashe yana Chadi yana kamun kifi. Gida ya kaure da kuka. Da ya ji labarin takardar dariya ya yi ya dafa kaina ya ce, "Ƙane, gama jarabawarka tukuna, ni ina zan je?"

Washegarin sakamako ya shiga mota zai je Shetimari aikin lambu, jandarma suka sauke shi a bariyer, shingen bincike, ba shi da katin ɗan ƙasa. Ya faɗi sunansa da na iyayensa, ya ce a kira ƙanensa. Na je da gudu, ko tunani ban yi ba. Shef ɗin, babbansu, ya ce in ba da katina. Ya duba, ya duba abin da suka rubuta daga bakin Modu, suna ɗaya, uba ɗaya, uwa ɗaya. Ya ɗago ya ce, "To wane ne Modu a cikinku?" Jama'a, a wannan sakan ɗin Bak ɗina kawai na gani, da jami'a, da fuskar uwata. Na ce, "Ni ne, shef." Ya ce, "Wannan fa?" Na ce, "Ɗan uwa ne, daga ƙetare ya zo." Modu bai yi ihu ba. Cewa ya yi, "Ƙane, kalle ni ka sake faɗa." Ban kalle shi ba. Wane irin mutum ne ni? Ku 'yan Diffa kun san abin da ake zato in an kama saurayi ba takarda, daga ƙetare, yana faɗin sunan wani: sai a ce ɗan ta'adda ne. Sun riƙe shi, wai sai an yi bincike. Ni suka mayar mini da katina har da barka da Bak.

A gida na ce bincike ne kawai, za su sake shi. Kawu ya yarda, ya ma sa mini albarka da na je. Uwata kullum tana dafa abinci a kai masa, ni ko hanyar ba na iya bi.

Masu ilimin shari'a ku taimaka. In na faɗi gaskiya za a soke Bak ɗina? Za a kama Kawu saboda takardar da ya ba ni? Na ji ana cewa in uwarka 'yar ƙasa ce kana da haƙƙin nasiyonalite, wato zama ɗan ƙasa, to in ita ma ba ta da takarda fa? Za a iya yi mini jujuma, takardar haihuwa ta kotu, da sunana a mayar da difloma a kai, ko sai na koma sifili?

Ɗazu Kawu ya kira ni ya ce, "Gobe da safe za mu je wurin jandarma. Ni ba na jin faransanci, kai ne mai ilimin gidan nan, kai za ka gaya musu ɗana ne." Na ce to, Kawu.

Me zan yi?