Jemage Mai Jego

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da dabbobin asibitinku. Albishirinki! Matar yayanki ta sauka lafiya, namiji, ƙato. Cikin murna nake rubutun, ki yi haƙuri da shi. Uwarki ta ce ta yi sabon miji, ni an sallame ni. Direba na ba wasiƙar, tunda kunnena da waya ba sa ga maciji.

Ga wani abin mamaki. Jiya da hantsi na tsinci jemage ta faɗo, ta kasa tashi. Da na ɗaga ta, sai ga ɗanta manne a ƙirji yana tsotso. Tsuntsu da nono! Ga gashi, ga kunnuwa, ga haƙora kamar na ɓera. Ban iya kashe mai jego ba alhali muna da tamu a ɗaki. Na sa su a kwali bayan ƙofa.

Mahaifinki mai farin ciki.

Baba,

Ina gaisuwa. Barkanmu, Allah ya raya. Amma Baba, jemage ba tsuntsu ba ne. Haihuwa take yi ta shayar, kamar kare da akuya da mu mutane. Shi ya sa ciwon haukan kare ke iya kama ta, ya wuce kan mutum. Kuma lafiyayyar jemage ba ta faɗuwa da rana tsaka. Kada kowa ya ƙara taɓa kwalin. Ta cije ka? A ina ka tsince ta?

'Yarka.

Auta,

Kowa lafiya. Ke dai da tsoro kamar farar kura! Ɗan ƙwarzane ne a babban yatsa, ko jini bai fito ba. Jemagen ta mutu da safe, ɗan ya bi ta, na binne su. Magana ta ƙare. Ki zo ki ga hancin yaron nan, nawa ne sak, duk da uwarki na musu.

Allah ya yi miki albarka.

Baba,

Ina gaisuwa. Magana ba ta ƙare ba. Haƙoran jemage kamar allura suke, sau da yawa ba sa barin tabo. Ciwon yakan kwanta shiru makonni, ranar da ya nuna kansa kuwa, likita ba shi da abin yi. Allurar rigakafi kafin nan take aiki. Ka wanke yatsan da sabulu, ka tafi asibiti.

Tambaya biyu na yi, ɗaya ka amsa. Na san ka, Baba. A ina?

'Yarka.

Auta,

Na daɗe riƙe da biro. A gadon yaron ne. Gidan sauro ya buɗe ta gefe, tana kwance kusa da ƙafarsa, uwarsa ta shiga wanka. Na duba jikinsa kaf, ban ga komai ba. Ban gaya wa kowa ba. Yarinyar nan ta sha ɓari kafin ta samu wannan, sai yanzu dariyarta ta dawo. Da wane baki zan ce mata a kai ɗanyen jariri a soka masa allura? Ko za mu ɗan jira mu gani?

Mahaifinki.

Baba,

Babu jira. Yau, kai da shi. In bakinka ya yi nauyi, miƙa mata takardar nan. Gobe ina hanya.

'Yarka.

Auta,

Daga bencin asibiti nake rubuto miki. Da bakina na gaya mata, a gaban yayanki. An yi mana allurar farko, sun ba mu ranakun dawowa. Yaron ya tsala ihu har wata ma'aikaciya ta ce wannan huhu ba na wasa ba ne.

Surukata tun safe ko kallona ba ta yi. Amma ɗazu da hannunta ya gaji, ga mijinta zaune kusa da ita, ni ta miƙo wa yaron.

Allah ya kawo ki lafiya.

Mahaifinki.