Jan Ruwa a Gindin Madatsar Kawu

Daren Asabar, Arkilla

Yau Kawu Sani ya kai ni gonarsa a bayan gari, in ga ƙaramar madatsar ƙasa da ya gina don ban-ruwan albasa da rani. Ta cika maƙil. A gindinta na ga ruwa yana tsattsafowa wuri biyu, ɗaya garau, ɗaya ja mai laka. Na yi ta mamakin bambancin, amma manya suna magana, kunya ta hana ni tambaya.

Sai da muka dawo gida yana cin tuwo na daure na tambaye shi.

Ya tsame hannu daga kwano. "Mi kic ce, ɗiyata? Ja?"

Na ce e.

"Garau ɗin ba komi, zufa ce. Ja kuwa, ruwa na cin ƙasa ta ciki. In ta hwashe, gonakin maƙwabta sun tahi."

Ko hannu bai wanke ba ya hau babur, yana waya a kawo buhunan yashi.

Har yanzu bai dawo ba, Inna ta rufe masa tuwonsa. Allah Ya sa ta kai safe. Da tun a gona na buɗe baki!